HALI ZANEN DUTSE: BANGASKIYAR KIRISTA DA RIƘON IKILISIYA A ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM

Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya



 Muna gode wa kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba mu dama, mu 'yan uwanku mabiya addinin Kirista, mu yi bayani a kan yadda bangaskiyarmu take tafiyar da zamanmu na yau da kullum, da yadda take tsara shugabancin ikilisiya. Ba muhawara ce ta kawo mu ba, ba kuma neman jan ra'ayin wani ba. Magana guda ce muka zo da ita, wadda muke ganin lokacin faɗinta ya yi. A koyarwar Kirista, halin da mutum yake nunawa a gida da gona da kasuwa shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi kafin a danƙa masa riƙon jama'ar Allah. Da wannan ma'auni aka kafa ikilisiyoyin ƙauyukanmu, kuma a yau babu abin da yake neman karkata shi kamar kuɗi da faɗa-a-ji da suke zuwa daga birni, wato daga hannun irinmu da muke zaune a wannan zaure.

Domin 'yan uwan da ba su saba da kalmomin ba, idan muka ce ikilisiya muna nufin jama'ar masu bi, idan kuwa muka ce majami'a muna nufin ginin da suke taruwa a ciki, wanda aka fi sani da coci.

MATSAYINMU A ƘASAR NAN

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, suna kuma iyaka da Jihar Bauchi. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Birnin Kudu sun haura dubu 300, na Gwaram kuma sun haura dubu 270. Mafi rinjayen wannan jama'a Musulmi ne. Kiristocin da ke cikinta 'yan kaɗan ne, kuma kashi uku ne: akwai Hausawa waɗanda iyayensu da kakanninsu Maguzawa ne, akwai 'yan uwanmu Warjawa, sa'an nan akwai baƙi, ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda aiki ko neman abinci ya kawo su.

Wanda yake cikin 'yan kaɗan, ido yana kansa. Maƙwabcinmu ba zai je ya buɗe Littafi Mai Tsarki don ya san abin da muka gaskata ba. Mu yake dubawa. Yana duban mudun da muke awo da shi, yana duban ko mun biya bashi ranar da muka yi alkawari, yana jin irin muryar da take fitowa daga gidanmu da dare. Idan Kirista ɗaya ya ci amana a ƙauye, ba sunansa kaɗai ake kira ba, sai a ce halinsu ne. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma mutanen Birnin Kudu sun fi kowa sanin ma'anar wannan karin magana, domin zanen shanun da mutanen dā suka bari a Dutsen Mesa da Dutsen Habude yana nan, damina da rani sun wuce a kansa bai goge ba.

YADDA ABIN YA FARO

Tarihi zai taimake mu gane dalilin da ya sa iyayenmu suka riƙe wannan ma'auni da ƙarfi. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa suke kiran yankinmu a wancan zamani. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rayu ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM. A ɗaya gefen kuma Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a Zariya daga 1905, kuma yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar da ta sa aka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932.

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Da ƙofa ta ɗan buɗe, ta hanyar magani aka shigo. SIM ta zauna a Kano a 1933, ta karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato a 1937, ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943. A ƙasar da ta zama Jigawa a yau ta yi tashoshi a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja da Roni ta ƙasar Kazaure. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Ɗarikar Angilikan ta kafa dayosis a Dutse a 1996, ɗarikar Katolika kuwa ta ɗaga Kano zuwa cikakken dayosis a 1999, kuma Jigawa tana ƙarƙashinsa.

Amma abin lura shi ne, Turawan ba su da yawa, kuma ba su ne suka zauna a ƙauyuka ba. Waɗanda suka kai saƙon unguwa-unguwa 'yan ƙasa ne: masu bishara, da malaman ɗakin shan magani, da majinyatan da suka warke suka koma gida. Mutane ne marasa dukiya, marasa sarauta. Mai bishara yakan sauka a ƙauye da iyalinsa, a ba shi aron gona, ya yi noma kamar kowa, da yamma ya tara mutane a gindin bishiya yana koya musu karatu. Ba shi da abin da zai sayi kowa da shi. Jarinsa ɗaya ne, wato mutane su zauna da shi damina biyu ko uku su ga bai yi ƙarya ba, bai taɓa kayan wani ba, bai ɗaga wa matarsa hannu ba. Da irin wannan shaida aka sami masu bi na farko, kuma daga cikinsu aka zaɓi dattawan farko.

BANGASKIYA A GIDA DA GONA DA KASUWA

Tushen koyarwar Kirista shi ne cewa mutum yana samun gafara ne ta alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu, ba don yawan aikinsa ba. Wani zai yi tsammanin wannan zai sa mutum ya yi sakaci da aiki nagari. Akasin haka ake koya mana. Wanda aka yafe wa babban bashi ba shi da bakin da zai shaƙe wuyan ɗan uwansa a kan ƙaramin bashi, wasiƙar Yakubu kuma ta ɗauki bangaskiyar da ba ta haifar da aiki a matsayin gawa. Saboda haka ake sa ran a ga alamar bangaskiya a wurare sanannu.

Na farko shi ne gida. Ikilisiya tana koya wa 'ya'yanta auren mace ɗaya da zama da ita har mutuwa, tana ɗora wa miji nauyin ƙauna da ciyarwa da kāriya, tana hana iyaye tsananta wa 'ya'ya. A gidaje da yawa ana taruwa da asuba ko bayan tuwon dare a yi karatu da addu'a, kuma a wannan zama ne yara da dama suka fara haɗa baƙi. Dukan ɗarikoki sun haramta buguwa, wasu kuma kamar ECWA sun hana shan giya ɗungurungum. Waɗanda suka san zaman gidajen kakanninmu sun san abin da wannan ya sauya: dawar da a dā take ƙarewa a tukunyar burkutu ta koma tana kwana a rumbu, ta kai iyali har sabuwar kaka, abin da ya ragu kuma ya zama kuɗin makaranta.

Na biyu shi ne gona. Littafin Firistoci, sura ta 19, ya hana a kwana da hakkin ɗan ƙodago, ya kuma umarci mai gona ya bar wani abu a gefen gonarsa domin matalauci da baƙo. Kiristan da ya ɗauki 'yan ƙodago suka yi masa noman gyaɗa ko yankan riɗi, ya ce su dawo ranar kasuwa alhali kuɗin yana aljihunsa, ya saɓa wa abin da yake karantawa. Haka nan wanda yake cin iyakar gonar maƙwabcinsa kunya ɗaya kowace damina, ko wanda gwauruwa ta jinginar masa da gona a shekarar yunwa ya ƙi sakinta bayan an kawo masa kuɗinsa.

Na uku shi ne kasuwa. Wannan sura dai ta yi umarni da gaskiya a ma'auni. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sara ko ta Babaldu da kaka ya san inda jarrabawar take: tiyar da aka bubbuge gindinta, buhun riɗin da aka haɗa da yashi, waken da aka sa mai kyau a sama mai ƙwari a ƙasa, dillalin da yake cin la'ada a hannu biyu ba da sanin kowa ba. An kuma koya mana cewa maganar mai bi ita ce rantsuwarsa, bai kamata sai ya rantse kafin a yarda da shi ba. Mutumin da yake jan waƙa a majami'a ranar Lahadi, ya tauye mudu ranar kasuwa, wa'azi biyu ya yi, kuma na biyun ne jama'ar gari suka ji.

Na huɗu shi ne zama da maƙwabta. Misalin Basamariye da ke Luka sura ta 10 ya nuna cewa maƙwabci shi ne duk wanda ka tarar cikin bukata, ko da ba addininku ɗaya ba. A ƙasarmu wannan ba sabon abu ba ne. Gida ɗaya sai a sami Musulmi da Kirista, kakansu ɗaya. Muna zuwa gayyar juna, muna zaman makokin juna, ana aiko mana da naman layya, muna aikawa da abincin Kirsimeti. Ba mu manta da abin da ya faru a Dutse a watan Satumba na 2006 ba, lokacin da tarzoma ta tashi aka ƙona majami'u da shaguna. Ba don fama tsohon miki muka ambace shi ba, sai don mu ce a irin wannan rana ake sanin darajar shugaba. Bangaskiyarmu ta hana mu ramuwa, ta umarce mu da neman hakki ta hannun hukuma. Amma matashin da ransa ya ɓaci ba zai saurari dattijon da bai taɓa ganin girmansa ba, hakimi da liman kuma ba za su buɗe ƙofa da tsakar dare ga wanda ba su san shi da gaskiya ba. Mutuncin da ake kashe wuta da shi, tun ana zaman lafiya ake tara shi.

WA YA CANCANCI RIƘON IKILISIYA?

Tsarin shugabanci ya bambanta daga ɗarika zuwa ɗarika. A ECWA kowace ikilisiya tana da fasto da majalisar dattawa waɗanda jama'a suke zaɓa na wani wa'adi, daga nan sai majalisar yanki, sai ta gunduma, sai babbar majalisa mai hedikwata a Jos. A Angilikan da Katolika bishop ne yake tura limamai, amma a ƙauyen da limami ba ya zaune, malamin ikilisiya ko katikis shi ne yake riƙe da jama'a mako zuwa mako. Ban da waɗannan akwai ma'aji da magatakarda da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa da malaman makarantar Lahadi. Duk da bambancin tsari, sharuɗɗan daga wuri ɗaya aka ɗebo su.

Manzo Bulus ya jera su a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, da wasiƙarsa zuwa ga Titus, sura ta 1. Wanda ya zauna ya karanta jerin zai ga abin mamaki. Ba a ambaci dukiya ba, ba a ambaci dangi ko muƙamin gwamnati ba. Ƙwarewa guda ce aka nema, wato iya koyarwa. Sauran duka hali ne: aminci a aure, kamun kai, karɓar baƙi, nisantar maye da faɗa da kwaɗayin kuɗi. An ce a duba yadda yake tafiyar da gidansa, domin wanda gidansa ya gagare shi, jama'a za ta fi gagararsa. An hana a naɗa wanda bai daɗe da tuba ba, don kada girman kai ya kama shi. Sa'an nan aka rufe da wani sharaɗi wanda ya shafi kowa a zauren nan: lalle ne waɗanda ba 'yan ikilisiya ba su shaide shi da kirki. Ma'ana, 'yan uwanmu Musulmi, shaidar da kuke bayarwa a kan mutum a kasuwa da bakin rijiya tana cikin abin da littafinmu ya ce a duba kafin a naɗa shi dattijo.

Game da yadda za a riƙe muƙamin kuwa, misalin yana Yohanna sura ta 13, inda Yesu ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a wancan zamani bawa ne yake yinsa. A Markus sura ta 10 ya gaya musu cewa girma a tsakaninsu hidima ce. Saboda haka dattijon ikilisiya shi ne mai zuwa gaida marar lafiya, mai sasanta miji da mata, mai tsayawa a kan rabon gādo don kada a cuci maraya. Idan wani ya yi laifi, Matiyu sura ta 18 ta tsara matakai: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Wannan shi ake kira horo, kuma manufarsa maido da mutum, ba tozarta shi ba. Sai dai horo ba ya tasiri sai in hannun da yake yinsa mai tsabta ne, kuma sanda ɗaya ce ga mai shi da marar shi.

Amanar kuɗi ma an yi mata tsari tun farko. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, da aka yi ƙorafi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafin ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai da aka yarda da su, aka danƙa musu aikin. Bulus da kansa, da aka tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka haɗa shi da wakilansu, don kada a sami abin zargi. Daga nan aka gāji al'adar da ake bi a ikilisiyoyin da suke da tsari: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a rubuta a littafi, ma'aji daban fasto daban, a kuma karanta rahoto a gaban jama'a.

MAZAUNA BIRNI DA IKILISIYAR ƘAUYE

Yanzu mun iso ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Yaran da aka koya wa karatu a gindin bishiya, da 'ya'yansu, su ne a yau malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da 'yan kasuwa a birane. Alhakin gida yana wuyansu, kuma da yawa suna sauke shi. Kwanon da ke kan majami'u da dama, da bencina, da kuɗin makarantar marayu, daga birni suka zo. Wannan abin yabo ne, Allah ya sāka da alheri. Amma kowane alheri yana da ƙofar da ɓarna take bi ta shiga, kuma ƙofofi huɗu muke so mu nuna.

Ta farko, zaɓen dattawa. Ikilisiyar da baikonta na mako bai taka kara ya karya ba, idan mutum ɗaya ya aiko da abin da ya fi baikon shekara, da wuya a ƙi jin maganarsa. Sai lokacin zaɓe ya zo, a ga an tsayar da ƙaninsa ko wanda ya nuna, a bar manomin da kowa ya san halinsa shekara talatin. Wani lokaci ma shi mai kuɗin ake ba muƙami, alhali sau biyu yake zuwa gida a shekara, bai san wa yake kwance ba, bai san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 8 wani mai suna Saminu ya miƙa kuɗi don a ba shi ikon ruhaniya, Bitrus kuwa ya yi masa tsawa mai tsanani. Ba sai an ƙirga kuɗi a tafin hannu ake yin irin wannan ciniki ba.

Ta biyu, horo. Idan ɗan talaka ya yi laifi a dakatar da shi, idan ɗan gidan mai aikowa ya yi irinsa sai waya ta fara ƙara daga birni, maganar ta mutu. Fasto da ya tsaya a kan gaskiya kuma, sai a bi ta sama a nemi a ɗauke shi. Matasa suna kallon wannan, kuma darasin da suke ɗauka ya fi na makarantar Lahadi zama a ransu.

Ta uku, tarukan gidauniya. An wayi gari ana kiran sunaye da lasifika, ana faɗin abin da kowa ya bayar, ana ware kujerun gaba domin manyan baƙi, tsohuwar da ta kawo kwanon gero tana tsaye a waje. Wasiƙar Yakubu sura ta 2 ta yi tir da ba mai kayan ado wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye, Matiyu sura ta 6 ta ce a yi kyauta a ɓoye, kuma a Markus sura ta 12 gwauruwar da ta jefa 'yan kuɗinta biyu ita Yesu ya yaba a kan attajirai. Irin wannan taro ne kuma 'yan siyasa suke nema idan zaɓe ya gabato, kuma bagadin da ya karɓi kuɗin ɗan takara ya sayar da bakinsa.

Ta huɗu, fifita gini a kan mutum. Gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana iya manna suna a jikinsa. Abincin fasto da mai bishara kuwa ba mai gani. Sai a tarar da majami'a mai sabon fenti, mai hidimarta kuwa ya yi watanni bai karɓi ɗan abin da aka yanka masa ba, 'ya'yansa an koro su daga makaranta. Littafi Mai Tsarki ya wajabta wa ikilisiya ɗaukar nauyin mai yi mata hidima. Mai hidimar da yunwa ta kama, ko dai ya gudu birni, ko ya zama ɗan amshin shatan wanda yake ciyar da shi.

SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga 'yan uwa Kiristoci mazauna birane:

1. Duk gudunmawar da za a aika gida, a aika ta hannun ma'aji da majalisar dattawa, a rubuta ta a littafi, a kuma nemi a karanta rahotonta a gaban jama'a. Kada a danƙa ta a ɓoye ga mutum ɗaya, ko da fasto ne, domin kāre mutuncinsa.

2. A bar zaɓen dattawa ga waɗanda suke zaune tare da 'yan takarar. Su suka san wanda yake biyan bashi. Wanda ba ya zaune a gari ya haƙura da muƙamin da yake bukatar zama a gari.

3. Kada a sa baki daga nesa a maganar horo ko sauyin fasto. Mai ƙorafi ya zo da kansa, ya bi matakan da aka tsara.

4. Kafin a fara sabon gini, a tabbatar ana biyan mai hidima hakkinsa kowane wata, ana kuma tallafa wa karatun 'ya'yansa.

5. A ɗauki nauyin matasa masu hali, maza da mata, zuwa makarantun Littafi Mai Tsarki da na koyon aikin malanta da jinya, bisa sharaɗin su dawo su yi wa gida aiki.

6. A ware wani kaso na abin da ake tarawa domin ayyukan da kowa zai amfana, kamar gyaran rijiya da famfon burtsatse da ajujuwan firamare da magani a ɗakin shan magani, a yi su ta hannun wannan ƙungiya tare da 'yan uwanmu Musulmi.

Akwai kuma wata shawara da ta shafi zamanmu a can inda muke. Annabi Irmiya, a sura ta 29, ya rubuta wa mutanensa da suke baƙunci a Babila cewa su nemi alherin birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Ma'aikacin da yake karɓar na goro kafin ya motsa takarda a ofis, ba zai wanke kuɗin da ya samu ta haka ba don ya sayi kwanon majami'a da su. Ƙannenmu da suke zuwa hutu gidajenmu suna ganin yadda muke samu da yadda muke kashewa, kuma abin da suka gani shi suke komawa da shi ƙauye.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, iyayenmu da 'yan uwa, mun san cewa yawancin abin da muka faɗa ba baƙo ba ne a kunnen 'yan uwanmu Musulmi, domin cika mudu da riƙon amana da tausayin maraya da hakkin maƙwabci, malamansu suna karantar da su dare da rana. Ita ma wannan ƙungiya tana tara kuɗin jama'a, tana zaɓen shugabanni, saboda haka tambayar da muka yi wa ikilisiya ta hau kanta: wa muke ba riƙo, mai hali ko mai hannu da shuni? Iyayenmu da suka kafa ikilisiyoyin ƙasar nan ba su bar mana dukiya ba, sun bar mana suna mai kyau a bakin maƙwabtansu. Shekaru aka ɗauka ana tara shi, kuma zaɓe ɗaya da aka karkata ko asusu ɗaya da aka ci ya isa ya zubar da shi.

Muna roƙon Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Dutse da hakimansa, ya ba shugabanninmu na addini da na mulki ikon riƙon amana, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Birnin Kudu da Gwaram da Jihar Jigawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Waɗanda suka taso daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.